Ƙafa 30 ko ƙafa 42? Kwamanda na neman shawara kan jirgin ruwa

Zauren Tsofaffin Ɗalibai, reshen Kaduna

Kwamanda (Malali):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, amma don Allah Ndagi ya bari in kai aya kafin ya fara dariya. Kun san tun da na ajiye kakin sojan ruwa nake cewa sai na mallaki jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda mutum zai kwana a ciki, ya yi girki, ya yi tafiyar kwanaki. To, magana ta matso. Guda biyu ne a gabana.

Na farko tsawonsa ƙafa 30, na faiba, ƙirar shekarun 1980. Yana Legas yanzu haka, mai shi Bature ne da aikinsa ya ƙare zai koma gida. Ɗaki ɗaya a goshi, ɗan falo mai benci biyu da ake kwana a kai, banɗaki ɗaya, ƙaramin injin dizal.

Na biyu ƙafa 42, ya fi wancan ƙuruciya, ɗaki 3, banɗaki 2. Sai dai yana Las Palmas a tsibiran Kanari, sai an kawo shi. Kuɗinsa ya ninka na farko sau biyu har da ɗoriya. In na haɗa abin da ya rage na garatuti da kuɗin filina na Rigachikun, zan iya.

Burina mu riƙa fita ni da Hajiya, yara su biyo mu in sun samu hutu. Tarkwa Bay da ke bakin tekun Legas da farko, daga baya Kwatano da Lome, in Allah ya ja kwana har Sao Tome. Zuciyata dai tana kan babban. Wanda ya san harkar ya tofa albarkacin bakinsa.

Ndagi:
Bakatsine da jirgin ruwa! Shekara da shekaru gwamnati na ɗaura maka rigar ceto tana yawo da kai, shi ne ka ɗauka ka zama ɗan ruwa. Ka zo Muregi inda kogin Kaduna ya shiga Kwara in ba ka kwalekwale kyauta, bawana.

Kwamanda (Malali):
Na ce a bari in kai aya. Yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa kyauta?

Ɗan Panteka:
Oga turo hoton babban. Wata uku mun ƙera maka irinsa a nan, har da fenti.

Injiniya Bala (Kakuri):
Wa alaikumus salam Kwamanda. Ni ban taɓa tuƙa jirgin ruwa ba, amma lissafin girman abu aikina ne, kuma akwai inda ido yake yaudarar mutum a nan. Kana ganin 30 da 42 sai ka ce ƙarin ƙafa 12 ne kawai. Ba haka ba ne, domin jirgi ba a tsawo kaɗai yake ƙaruwa ba, yana ƙaruwa a faɗi da zurfi. Raba 42 da 30, ka samu 1.4. Duk abin da ake aunawa da faɗin fuska, wato ƙyallen iska da jikin da za a yi wa fenti, zai tashi 1.4 sau 1.4, kusan ninki biyu ke nan. Nauyi kuwa 1.4 sau uku a jere, ya ba ka 2.7. Jirgin da ka ce ya fi da ƙafa 12, a ma'auni ya kusa ninka ƙaramin sau uku. Ka duba takardunsu, za ka ga ƙaramin yana wajen tan 4 zuwa 5, babban ya kai tan 10 ko ya wuce.

Kuma komai na cikinsa nauyin yake bi: inji, anka (ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi), sarƙa, igiyoyi, wayoyin ƙarfen da suke riƙe jigo, wato dogon sandan da ake ɗaura ƙyallen iska a kai. Ba wanda zai sayar maka da waɗannan da kuɗin ƙafa 12.

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma wannan nauyin da kake kuka da shi, shi ne abin da ake saye. Na yi rayuwata a jiragen dakon kaya tsakanin Apapa da Duwala da Abijan, na san ruwan nan. Bakin tekunmu ba wurin wasa ba ne. Yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, ruwan kuma gabas yake gangarawa. Wanda ya fito daga Legas zai je Kwatano, iska na gabansa, ruwa na tura shi baya. Mil 60 ne kawai na teku, amma a ƙaramin jirgi mara nauyi kowace taguwar ruwa sai ta tsayar da shi cak, ya sake tattara gudu, wata ta sake dukansa. Mai tan 10 ratsawa yake yi.

Ga kuma gudu. Irin waɗannan jiragen tsawon jikinsu da ke cikin ruwa ne yake yanke iyakar gudunsu. Ana ɗaukar tushen murabba'in tsawon a ƙafa, a ninka da 1.34. Ƙaramin, in abin da ke cikin ruwa ƙafa 25 ne, iyakarsa mil 6.7 a awa. Babban mai ƙafa 36 a ruwa zai kai 8. Sao Tome ta haura mil 400 daga Legas. Duk awar da ka rage a buɗaɗɗen teku, ka rage damar da hadari zai riske ka.

Kwamanda, kai ka san tarihin tseren Fastnet na 1979. Jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan, matuƙa 15 suka mutu, kuma akasarin ɓarnar a kan ƙananan jirage ta faɗa. Gwaje-gwajen da aka yi bayan haka sun nuna cewa in taguwa mai karyewa za ta kifar da jirgi, girmanta da girman jirgin ake gwadawa. Wadda za ta birkice mai ƙafa 30, mai 42 zai iya shan ta ya miƙe. Ni da iyalina zan sa a ciki, babban zan ɗauka.

Sadiq:
Kawu barka da dare. Kyaftin, da girmamawa, a wannan Fastnet ɗin ai akwai wani jirgi Assent, ƙirar Contessa mai ƙafa 32, shi kaɗai ya kammala tseren a rukunin ƙananan. Kuma Robin Knox-Johnston da ya fara zagaya duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba, daga 1968 zuwa 1969, kwana 312, jirginsa Suhaili ƙafa 32 ne, na katako, a Indiya aka ƙera shi. Tania Aebi ta zagaya duniya da mai ƙafa 26. Jessica Watson 'yar Ostareliya tana da shekara 16 ta yi da mai ƙafa 34. Kenan ƙarami ba shi ne rashin tsaro ba.

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
Ɗana, in ka cire Assent, waɗanda ka lissafa su kaɗai ne a jirgi, kuma wahalar suka je nema. Kawunka hutu yake nema da matarsa. Ka tambayi waɗannan mutanen sau nawa suka kwana da jiƙaƙƙen bargo.

Sadiq:
Haka ne Kyaftin. Ni dai batun kifewa nake amsawa.

Usman (Southampton):
Salam. Yallaɓai Kwamanda, yanzu na tashi daga aiki na tarar da zancen. Ni ɗan Tudun Wada ne da zama ya kawo nan, kuma ina da rabi a wani jirgi mai ƙafa 31, ni da wani abokin aiki, muna fita ruwan Solent da ke nan kudancin Ingila in yanayi ya yi kyau. Bari in faɗi abin da nake gani da idona.

Maganar Kyaftin gaskiya ce in jirgi yana tsakiyar teku. Amma jirgin shaƙatawa kaɗan ne daga rayuwarsa yake yi a tsakiyar teku. Mafi yawan aikin a bakin gaɓa yake: fita daga matsaya, shiga matsaya, jefa anka, ɗago anka, rage ƙyalle in iska ta tashi. A nan ne girma yake zama nauyi a wuyan mai shi.

Ɗauki anka. Mai ƙafa 30 ankarsa kilo 10 zuwa 12 ce, da sarƙa mai kaurin milimita 8, kowace mita kusan kilo 1.4. In ka jefa a zurfin mita 10, abin da za ka ɗago a tsaye bai kai kilo 30 ba, mutum mai lafiya zai ja da hannu. Mai ƙafa 42 ankarsa kilo 20 ko fiye, sarƙa milimita 10, kowace mita ta haura kilo 2. Ka wuce kilo 40 ke nan, ga laka ta riƙe ta, ga jirgi mai tan 10 yana fizga. Dole sai injin ɗago anka na lantarki. Ranar da batir ya mutu ko gishiri ya ci wayarsa, Yallaɓai, da bayanka za ka biya.

Haka ƙyalle. Na babban ya kusa ninka na ƙaramin, ƙarfin da ke kan igiya ma haka. Kuma iska in ta ninka gudunta, ƙarfin da take dukan ƙyalle da shi sau huɗu yake ƙaruwa. Kyaftin zai gaya maka yadda hadarin farkon damina yake zuwa a Legas, daga gabas, baƙi ƙirin, cikin 'yan mintoci. A ƙaramin jirgi mutum ɗaya zai rage ƙyalle kafin ya iso. A babba ma ana yi, amma sai an saba, kuma an fi so a samu mutum biyu da suka san abin da suke yi.

Shiga matsaya kuwa, tan 4 in ya karkace za ka iya tare shi da igiya ɗaya, ko a tura shi da sanda. Tan 10 in ya nufi bango, kada wanda ya sa hannu ko ƙafa a tsakani.

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo min da irin wannan: in kai ka faɗi, ko ciwo ya kama ka a ruwa, wa zai dawo da jirgin? Wannan mutumin shi ne ma'aunin girman jirgin da za ka saya, ba kai ba.

Kwamanda (Malali):
Usman, na gode. Amma kada ka manta na yi aiki a kan jirgin yaƙi Aradu, tsawonsa mita 125 ne.

Ndagi:
Da yara nawa suna sara maka? Kai dai ka ce a ja, a ja. A nan Hajiya za ka ce wa ta ja?

Usman (Southampton):
Ndagi ya riga ni, Yallaɓai. Sanin teku da taswira da dokokin hanya kana da su fiye da mu duka. Abin da ya rage aikin hannu ne, shi kuma a ƙaramin jirgi ake koyonsa da sauri, don duk abin da ka yi nan take jirgin yake nuna maka.

Hajiya Rabi (Unguwar Rimi):
Yaya, ina wuni. Na yi shiru ina karantawa, amma tunda an ambaci filin Rigachikun dole in yi magana. Kowa a zauren nan ya san sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dusa da mai kula da shi su ne aikin, kuma ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci. Masu harkar jirage suna da ƙiyasin da suke yi, wai mutum ya ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgi duk shekara don kula da shi. Ko da ƙiyasin ya yi sama ko ƙasa, ka ga na babban ya ninka tun daga nan. Fanshonka da naira ake biya. Kayan gyaran kuwa da dala da yuro ake sayensu, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Fili kullum daraja yake ƙarawa, jirgi kullum raguwa yake yi. Za ka sayar da mai hawa ka sayi mai sauka, sannan ka riƙa ciyar da mai saukar da kuɗin waje.

Ban ce kada ka saya ba. Ka yi wa ƙasa aiki, ka cancanci abin da zai faranta maka rai. Amma ƙaramin za ka iya saye ba tare da ka taɓa filin ba, ko ba haka ba?

Sannan duk wannan doguwar muhawara, wa ya tambayi Anti? Ana ta cewa ni da Hajiya, ni da Hajiya.

Kwamanda (Malali):
Ƙaramin ba sai na taɓa fili ba, gaskiya ne. Antinki kuma ta ce duk abin da na yanke.

Hajiya Rabi (Unguwar Rimi):
Yaya, shekara nawa da aure har yanzu ba ka san ma'anar wannan amsar ba? Zan kira ta da kaina.

Usman (Southampton):
In ƙara a kan maganar Hajiya Rabi. A nan kuɗin matsaya da mita ake lissafa shi, haka kuɗin ɗaga jirgi daga ruwa, haka na wanke ƙasansa. Ƙafa 30 mita 9 ne da ɗan kai, ƙafa 42 ya kusa mita 13, kuma wurare da yawa farashin kowace mita yana tashi in jirgi ya wuce mita 12. Wayoyin da ke riƙe jigo, kamfanonin inshora sukan so a sauya su duk bayan shekara 10 ko kusa da haka. Fentin ƙasa mai hana gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo mannewa, a ruwan zafi irin na Legas ba ya daɗewa kamar a nan, kusan duk shekara ne.

Abin da ya fi damuna ma shi ne kai a Kaduna kake, jirgi a Legas. Jirgin da aka rufe aka bari a wannan danshin, funfuna za ta cinye katifu, batir ya mutu, famfon da ke fitar da ruwa ya tsaya, ruwan sama ya taru a ciki. Babban yana da banɗaki 2, firji, injin anka, na'urori da yawa, kowanne jira yake ka juya baya ya lalace. Sai ka sauka Legas da niyyar fita ruwa ka ƙare a neman makaniki. A matsayarmu jiragen da suka fi zama a ɗaure manyan ne, don mai shi sai ya tara mutane kafin ya fita. Masu ƙananan kuwa in sun ga iska mai kyau bayan la'asar sai su kwance igiya kawai.

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
Usman, Solent ruwa ne da tsibiri ya kare, ga masu ceto ko'ina, ka kira a rediyo kafin ka ajiye sun iso. Kada ka auna mu da can. Fita daga Legas ta tsakanin dogayen katangun duwatsun bakin tashar nan, inda ruwan tafki mai fita yake karo da taguwar teku, ga manyan jiragen Apapa da Tin Can suna shige da fice, kana bukatar inji mai ƙarfi da jirgin da ake gani. Ga leda da ciyawar ruwa da suke toshe bututun sanyaya inji. In injin ƙaramin ya mutu a wannan mashigar, ba za ka ji daɗi ba.

Usman (Southampton):
Na yarda Kyaftin. Sai dai leda ba ta tambayar tsawon jirgi kafin ta toshe shi. In inji ya mutu, wanne ya fi sauƙin juyawa da ƙyalle a ƙuntataccen wuri, wanne kuma ƙaramin jirgin inji zai iya ja? Sannan zurfi. Ƙaramin yana nutsa kamar mita 1.5, babban kusan mita 2. A rafukan Legas masu yashi rabin mitar nan ita ce bambancin wucewa da kafewa.

Injiniya Bala (Kakuri):
Gadoji fa? Za su wuce ƙarƙashin Carter ko Falomo su shiga cikin tafkin?

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
Ko ɗaya. Jigon ƙaramin ma ya haura mita 12 daga ruwa, na babban ya doshi 18. Ba a yi gadojin nan don jirgi mai jigo ba. Filin wasansu tashar ruwa ce da Tarkwa Bay da teku.

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum. Kwamanda, Allah ya sanya alheri. Ni ta ɓangarena abu biyu ne. Na ga a bayanin da ka turo min tankin ruwan ƙaramin bai kai rabin na babban ba, kana damuwa da alwala da wanka. Wannan kam an daɗe da amsa shi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira, wani ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna hawa teku da ruwa kaɗan, in mun yi alwala da shi za mu ji ƙishi, ko za mu yi da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Saboda haka guga da igiya sun raba wannan gardama, ruwan tanki a bar shi don sha da girki. Salla kuma a tsaye in an iya, in jirgi na tangaɗi har ana tsoron faɗuwa a zauna.

Na biyun ya fi nauyi, kuma yana goyon bayan Kyaftin. 'Ya'yanka sun girma, maza da mata, ga surukai. Ɗaki ɗaya da falo ba zai ba ku sutura ba in za a kwana. In da iyali duka za a riƙa tafiya, ɗaki 3 ba almubazzaranci ba ne.

Hajiya Rabi (Unguwar Rimi):
Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma yaran nan ɗaya na Abuja, ɗaya na Kano, autar na makaranta. Ko a Sallah da ƙyar suke haɗuwa a Malali. Za a sayi ɗaki 3 ana ciyar da su wata 12 saboda taron da ba a tabbatar zai yiwu sau ɗaya a shekara ba? In sun zo a fita da safe a dawo da yamma, kowa ya kwana a masauki. Mutum 6 za su zauna a mai ƙafa 30 da rana, ko Usman?

Usman (Southampton):
Za su zauna, in dai takardar jirgin ta yarda da adadin kuma kowa na da rigar ceto. Kwana ne ba zai yi daɗi ba in an wuce 4.

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
Akwai abin da ba mu taɓa ba, kuma Kwamanda ya fi ni saninsa. Tsaro. A 2020 cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. An samu sauƙi sosai bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaron ruwa na Deep Blue da aka ƙaddamar a 2021, wannan ba a musu. Amma jirgin da ba ya wuce mil 6 ko 8 a awa ba ya tsere wa kowa, babba ne ko ƙarami. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi kamfanin inshora ya rubuta maka cewa zai rufe jirgin a ruwan nan, da iyakar inda ya yarda ka kai.

A nan kuma zan ba Usman gaskiya guda. Kawo babban daga Las Palmas tafiya ce ta fiye da mil 2,000, ta gaban Dakar da Firitawun da Abijan. Sai ka ɗauki hayar matuƙa, ko a ɗora shi a jirgin dakon kaya, sannan kwastan na jiranka. Wannan kuɗin ba ya cikin farashin da aka gaya maka.

Sadiq:
Kawu, to me zai hana a bar babban a can Las Palmas? Daga nan ne ake tashi gangamin ARC duk Nuwamba tun 1986, jirage su tsallaka Atilantika zuwa yankin Karibiyan, kusan mil 2,700. Akwai masu gyara da kayan gyara a wurin. Ka riƙa zuwa hutu.

Hajiya Rabi (Unguwar Rimi):
Sadiq, da bizar wa, da tikitin wa? Legas ma ana tunanin nisa.

Ndagi:
To bari in ajiye wasa. In ruwa kake so kusa da gida, tafkin Kainji ya haura kilomita 130 a tsawo, Shiroro kuma a kan kogin Kadunan nan yake. Akwai ƙananan jirage masu ƙafa 20 zuwa 22 da ake ja da mota a kan tirela, a kwantar da jigo, a ajiye a gareji. Ba gishiri, ba kuɗin matsaya. Sai dai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, su suke fasa jiragen mutanenmu, dole ka ɗauki ɗan gari ya nuna maka hanya. Hanyar zuwa kuma kowa ya san halin da take ciki.

Kwamanda (Malali):
Na gode Ndagi, yau ka yi magana kamar ɗa. Amma ni teku nake kewa, ba ruwa kawai ba.

Hajiya Rabi (Unguwar Rimi):
Na yi waya da Anti, ta ce in faɗa a zaure. Ta ce ita ko jirgin fito na Apapa da ta taɓa shiga sai da ta yi amai, kuma Yaya ya sani. Za ta gwada fita da rana, in ta ji daɗi ta ƙara. Kwana a teku kuwa kada a sa ta a lissafi tukuna. Ta ce kuma in har za ta shiga, sai an koya mata tada inji da kiran rediyo, don ba za ta zauna tana kallo ba in wani abu ya same shi. Na ba ta labarin Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudun nan da ta ci tseren zagaya duniya ita kaɗai a 2023 da jirgi mai ƙafa 36, har ta tsaya ta ceci wani a hanya. Ta ce a gaishe ta, ita Tarkwa Bay ta ishe ta.

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
To ai ga shi. Mai jiri babban jirgi ya fi mata, ya fi natsuwa a ruwa.

Usman (Southampton):
Ya fi kam. Amma wanda za ta iya sarrafawa ita kaɗai in ta kama, ƙaramin ne. Duka biyun gaskiya ne Kyaftin, sai a zaɓi wadda ta fi nauyi.

Kwamanda (Malali):
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya a daren nan. Fili yana nan, ba zan taɓa shi ba. Bayan Sallah zan sauka Legas in ga ƙaramin, in fita da shi tare da mai shi, Hajiya ta biyo mu rana ɗaya. Gani ya kori ji. Zan kuma leƙa kulob ɗin masu jiragen iska na Legas, wanda yake nan tun 1932, in sake saba hannu a ƙananan jiragensu, in tambayi batun wurin ɗaurewa da mai gadi. In na yi shekara biyu ina fita da gaske, kuma Kwatano ta gagare ni saboda ƙanƙantar jirgi, Kyaftin, zan zo Barnawa da kaina mu sake zama kan babban.

Kyaftin Ishaya (Barnawa):
Zan jira ka, kuma za ka zo. Sao Tome dai kada ka kuskura da mai ƙafa 30 da mutum biyu. In ka matsa sai ka je, ka kira ni mu zama uku.

Usman (Southampton):
Yallaɓai, kada ka biya sai an ɗaga shi daga ruwa, safiyon jirage da kai ka ɗauka ya duba, ba wanda mai shi ya kawo ba. Mai saye ne yake biyan kuɗin dubawa da na ɗagawa, haka al'adar take. A duba ƙasan faibar ko ya yi ƙuraje, alamar ruwa ya shiga jikinsa. A duba kusoshin da suka riƙe nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, da famfunan da suka huda jikin jirgi, a buɗe a rufe kowanne. Ka taka saman jirgin ko'ina, inda ka ji laushi akwai ruɓa a ciki. Ka tambayi shekarar da aka sauya wayoyin jigo, a nuna maka rasit. Takardun kwastan na shigowarsa ƙasar ma ka gan su da idonka.

Injiniya Bala (Kakuri):
Kuma ka ce kada ya tada injin kafin ka iso, ka sa hannu ka ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabanka ka ga kalar hayaƙin. Turo min sunan injin da lambarsa da awannin da ya yi, in Yanmar ne ko Volvo Penta zan bincika ko ana samun kayansa a Legas kafin ka tafi.

Kwamanda (Malali):
Yanmar ne mai silinda 2. Lambar sai gobe, zan sa ya ɗauko min hoton farantin.